Kifi Dubu Biyar da Arba'in, da Gyara

Tun da aka yi ƙidayar jama'a ta 2006 Yaya Lukuman, wan mijina, bai sake yarda akwai wanda ya fi shi sanin lamba a ƙasar Gwandu ba. Kwana tara kacal ya yi yana bin gidaje a Dodoru da alli a hannu, amma in yana ba da labari a teburin mai shayi yakan ce ya ƙirga garin kakaf tsakanin hantsi da azahar, har ya gano yara uku da iyayensu suka manta sun haifa. Da Allah ya hore masa babbar waya kuma sai abin ya ci gaba, don akwai wani wuri a cikinta da in ka buga lamba za a faɗa maka halinta, da wa take rabuwa, da wa ba ta rabuwa. Ko lambar mota ce ta wuce ƙofar gida sai ya bincika asalinta.

Mu kuwa mata goma sha biyu ne a unguwarmu muka haɗa kai za mu yi kiwon tarwaɗa. Rani guda muka yi muna tattali, kowace ta kafa tankin tamfol a bayan ɗakinta ta cika shi da ruwa, ya rage sai ɗiyan kifi. Sakatariyarmu Malama Precious, 'yar Zuru mai koyar da lissafi a wata sakandare, ita ta yi magana da Malam Rilwanu mai ƙyanƙyasar kifi a Kalgo, ta rubuta mana a takarda: dubu biyar da arba'in. Ta ce da gangan ta zaɓi lambar don mai sauƙin kai ce. Tun daga mutum biyu har goma duk tana rabuwa ba saura, mu sha biyu kowace ɗari huɗu da ashirin, ko biyu sun ƙaru mun zama sha huɗu ba za a yi rigima ba.

Ranar da za a ɗauko kifin sai ta faɗo a kan jarrabawar ɗalibanta. Yaya Lukuman na ji ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, shi zai je ya ɗauko, shi zai raba, Malama ta ga bambancin lissafin allo da lissafin wanda ya taɓa ƙirga mutane masu rai. Ya ce irin rabon da zai yi, sai an zo daga Birnin Kebbi koyo.

Ni dai matar ƙane ce, ba ni da bakin hana shi. Shugabarmu Hadijatu kuwa taubashiyarsa ce, ba ta raga masa. Ta ce ya je, amma ƙafarta ƙafarsa, ni kuma in riƙe takarda in zama shaida.

Bayan sallar asuba muka hau a-kori-kurar Dauda, mu biyu a gaba, Yaya Lukuman a baya da babbar riga da jarkoki shida da aka yanke wa baki. Kafin hantsi muna Kalgo. Malam Rilwanu mutum ne mai ƙarancin magana. Shi da ma'aikatansa suka ƙirga kifin da 'yar rariya, ƙanana baƙaƙe kamar ɗan yatsa, ɗari takwas da arba'in a kowace jarka. Ya ja mana kunne da abu ɗaya: kada rana ta take suna cikin jarka. In ruwan ya ɗau zafi za mu ga sun taso sama suna buɗe baki, daga nan sai mutuwa.

Har Dauda ya ta da mota Yaya Lukuman ya ce a tsaya, ina gyara? Ya ce ko mai tumatir yana gyara, balle mai kifi dubu biyar. Malam Rilwanu ya tsoma rariya ya ɗebo, aka ƙirga sha ɗaya, ya juye a jarka. Yaya Lukuman ya dube mu yana murmushi, wai mun ga amfanin tafiya da namiji. Sannan ya buga dubu biyar da hamsin da ɗaya a waya. Murmushin ya ɗauke.

Ya ce an samu matsala. Wannan lamba mai taurin kai ce, ba ta rabuwa da kowa sai da ɗaya ko da kanta. Ya gwada ta da biyu, da uku, da bakwai, da sha biyu, ta ƙi. Hadijatu ta ce to a ba kowa ɗari huɗu da ashirin ɗinta, sha ɗayan nan ya soya ya ci da kansa. Ya ce shi ba azzalumi ba ne. Gyara ta ƙungiya ce, kifi sha ɗaya, mata sha biyu, wace ce za a hana? Ya koma wurin Malam Rilwanu ya ce a gyara gyarar. Aka ƙara ɗaya. Dubu biyar da hamsin da biyu, kowa ɗari huɗu da ashirin da ɗaya. Ya hau mota yana cewa da ba ya nan da yanzu an raba zumunci.

Mun kusa Birnin Kebbi Dauda ya faɗa wani rami. Muka ji ruwa ya fantsama a baya, sai kuma duka a rufin mota kamar ana fasa dutse. Da muka fito muka tarar da Yaya Lukuman jiƙe sharkaf, yana rarrafe a bayan mota yana tsince kifi. Masu motsi ya mayar, waɗanda suka mutu ya jera su a kan murfin taya, guda sha uku. Ya goge waya da hula ya buga. Dubu biyar da talatin da tara.

"Ita ma mai taurin kai ce," in ji shi. "Ɗaya tak ya rage ta koma lambar Malama. Dauda, juya."

Dauda ya nuna masa rana. Hadijatu ta ce ita ta yafe, a rage ɗaya a nata. Ni ma na ce a rage a nawa. Ya ce ba a yafe wa lissafi. Da ya ga ba mai goyon bayansa sai ya rungumi jarka ɗaya ya sauka, ya tsaya bakin titi yana ɗaga wa masu kabu-kabu hannu, wai shi zai koma Kalgo mu jira shi a nan. Kifi ɗari takwas ne a ƙirjinsa. Ba yadda muka iya, Dauda ya juya yana ƙunƙuni.

Malam Rilwanu ya gan mu ya dubi sama, ya dube mu. Aka yi masa bayani. Ya tsoma rariya da sauri ya juye a jarka ya ce mu tafi don girman Allah. Sai dai biyu ne suka faɗa, kowa ya gani. Ni na zaci Yaya Lukuman zai yi faɗa. Sai ya buga lambar a waya, ya sake bugawa.

"Mi kuma?" in ji Hadijatu. "Cire ɗaya mu tafi, bawan Allah."

"Ke ba ki san daraja ba. Dubu biyar da arba'in da ɗaya. Saba'in da ɗaya sau saba'in da ɗaya ke nan, cif. Lamba ce mai kusurwa huɗu, ta ko'ina ka auna ta daidai take, kamar ɗakin da gwanin magini ya fitar. Sai mutum ya tsufa ya mutu bai gamu da irinta ba, ni ga ta a jarka tana iyo."

"To mu saba'in da ɗaya ne?"

"Wannan daga baya ne. Sai jama'a sun gani tukuna."

Kafin mu bar Kalgo ya kira matarsa Binta ya ce ta bi gida-gida ta aro baho saba'in da ɗaya, don kifin gida saba'in da ɗaya zai kasu. Hadijatu ta leƙa ta taga tana ce masa ya tuna gargaɗin Malam Rilwanu, shi kuwa yana can yana kiran mutanen teburin mai shayi ɗaya bayan ɗaya su hallara a ƙofar gidansa. Ni ba abin da nake sai hasbunallahu a zuci, ina kallon inuwar itatuwa tana gajarta.

Abin da Yaya Lukuman ya manta, ko bai taɓa sani ba don bai taɓa aron kwano ba, shi ne a wurinmu ba a mayar da mazubin aro hannu rabbana. Ko barkono ne sai ka ɗan sa a ciki. Da mata suka ji ana neman baho don rabon kifi, ba wadda ta aiko da nata. Kowace ta yafa mayafi ta ɗauko abinta da kanta. Da muka iso Gwandu rana ta kusa tsakiya, layinmu ya cika maƙil: baho, daro, kwalla, robar wanki, har da wata tsohuwa da tukunyar suna. Mata na ta sa wa Yaya Lukuman albarka, wai Allah ya ƙara buɗi, sun ji ya kawo tallafi. Ya sauko daga mota yana ɗaga musu hannu kamar mai neman kujera.

Matan ƙungiyarmu tara da muka bari a gida suka kewaye Hadijatu suna tambayar mene ne wannan. Ta ce su tambayi taubashinta. Suka ce tankunansu na nan cike da ruwa mai sanyi, a ba su kifinsu ko da ido ne a raba. Yaya Lukuman ya ce minti goma kawai.

Minti goman farko a jera baho suka tafi. Ya so a yi sahu-sahu kamar faretin 'yan makaranta. Aka yi sahu bakwai na goma-goma, ɗaya ya yi saura. Aka yi takwas na tara-tara, ɗaya ya kasa. Aka gwada biyar, aka gwada shida, kullum sai wata ta tsaya a gefe da bahonta a ka. Ya duba waya, ashe ita kanta saba'in da ɗayan mai taurin kai ce. Ya ce dama ya sani, gwada mu yake. A yi layi ɗaya. Layin ya tashi daga ƙofar gidansa, ya wuce injin niƙa, ya wuce shagon mai cajin waya, ya ƙare a jikin katangar masallaci. Duka a rana, in ban da baho huɗu da suka dace da gindin dogon yaro.

Aka zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya fara ƙirga da rariyar Binta. Ya hana kowa taya shi, wai hannu da yawa ke ɓata lissafi. Baho na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku Malam Abdulrasheed ladan ya zo wucewa a keke ya yi sallama. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya da gajiya da zafin rana, ya tambayi mutanen Kalgo. Yaya Lukuman ya amsa duka, ya dubi bahon, ya juye ya sake daga ɗaya. A na tara wata mata da ke tsaye a kansa ta shiga karanta wa ƙawarta lambar wayarta da ƙarfi, sifili takwas, sifili shida, uku uku. Yana arba'in da biyu ya tsinci kansa a talatin da uku. Ya ɗago ya ce a yi wa ilimi shiru.

Can aka ji hayaniya a baho na biyar. Kifin ciki duk sun juya ciki sama. Mai bahon ta rantse ta ɗauraye shi, da aka matsa ta ce da shi ta yi wanki da safe, wataƙila ɗan sabulu ya rage. Yaya Lukuman ya ce ba komai, matacce ma lamba ne, a bar su a wurinsu kada a ɓata sahu. Ana cikin wannan agwagin maƙwabta suka gano abin da ake ciki. Suka shigo layin ta tsakiya su shida, uwa a gaba. Kafin a kore su sun yi kalaci a baho uku. Ya bi su da rariya har bakin kwata, babbar riga na jan ƙasa, yana ce wa jama'a su lura da wadda ta fi ci don a san nawa za a rubuta mata.

Ni da Hadijatu muka fara jan bahunan zuwa inuwar katanga, wasu muka rufa musu zannuwa. Ya hango mu ya ce mun lanƙwasa masa layi. Hadijatu ta ce in ya ƙara magana za ta lanƙwasa shi ya shiga tukunyar sunan can. Masu baho suka yi dariya, amma ba wadda ta matsa daga nata. Wata ma har ta fara tambaya ko za a ba da leda.

Aka kira azahar yana baho na talatin. Na shiga gida na yi salla, Allah ya gafarta mini, rabin hankalina na waje. Da na fito na leƙa jarkokin da suka rage, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego, kifin sun taru a sama suna buɗe baki, daidai yadda Malam Rilwanu ya faɗa. Na je na durƙusa kusa da shi na ce Yaya, kifin nan fa suna wahala. Ya ce in yi haƙuri, ba a gaggawa da tarihi. Mutanen teburin mai shayi na zaune a benci suna ƙirga baho da shi, suna yi masa kirari, shi kuwa sai ƙara sauri yake, yana jefa kifi bibbiyu yana kiran ɗaya, wani lokaci ɗaya yana kiran biyu.

A baho na sittin da takwas kifi suka ƙare. Ya kife jarka ta ƙarshe ya girgiza, ya leƙa ciki, ya zura hannu har kafaɗa. Mata uku na tsaye a jikin katangar masallaci da ruwa zalla, cikinsu har da tsohuwa mai tukunya. Tsohuwar ta ce tun hantsi take nan, ta bar jikokinta ba abinci, ba inda za ta sai da kifinta. Yaya Lukuman ya miƙe ya ce lamba ba ta ƙarya, ga waya kowa ya duba. In kifi sun kasa, to akwai ɓarawo a layin nan, kada kowa ya motsa, za a sake ƙirgawa daga baho na farko.

Nan wuri ya rikice. Masu baho suka ce an tara su a rana an kuma kira su ɓarayi. Matan ƙungiya suka ce kifinsu ne, ba na kowa ba. Masu baho suka ce ai ba a gaya musu haka ba. Binta ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida. Dauda na neman jarkokinsa ya tafi, ba mai sauraronsa.

Ana haka Malama Precious ta sauka daga kabu-kabu da takardun jarrabawa a hammata. Ta bi layin da kallo tun daga farkonsa har masallaci. Hadijatu ta ba ta labari a gurguje. Yaya Lukuman ya gyara hula ya tare ta, ya ce ta zo a kan gaɓa, yau za ta ga lamba mai kusurwa huɗu da idonta, sai dai an yi masa sata.

Ta ajiye takardun a gefe. Ta tsuguna a gaban wani baho ta zura hannu ta kamo wani ɗan kifi da ya fi 'yan'uwansa ƙiba. Ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Wutsiyar wani ƙarami na leƙowa daga bakinsa, tana ɗan motsi. Ta ce tarwaɗa in ta ji yunwa da matsi ɗan'uwanta take ci, tun Kalgo suke wannan aiki a jarka.

"Baba Lukuman," ta ce, "kafin a sake ƙirgawa, wannan ɗaya za mu rubuta ko biyu?"

Ya leƙa kifin. Ya ce ɗaya. Mutanen benci suka ce ga wutsiya nan tana motsi. Ya ce to biyu. Hadijatu ta ce a ba ta na biyun ta sa a tankinta. Ya ciro waya ya tsaya yana kallonta, ya rasa me zai buga. Malam Abdulrasheed ladan, da ban taɓa ganin haƙoransa ba, sai da ya jingina da katanga don dariya. Tsohuwa mai tukunya ta ce ita dai a ba ta ko na cikin cikin ne.

Malama ba ta jira dariyar ta lafa ba. Ta ce kowace 'yar ƙungiya ta ja masu baho biyar su bi ta gida yanzu-yanzu a juye a tanki, abin da ya rage a bi a ƙara wa wadda nata suka fi jigata. Hadijatu ta hau bencin masu shayi ta yi wa masu baho alkawari, in Allah ya raya kifin, duk wadda ta kawo mazubi za a kai mata babba guda har gida, tsohuwa mai tukunya biyu. Nan da nan layin ya tashi sama, bahuna a ka, aka watse lungu-lungu da gudu ruwa na zuba a mayafai.

Da muka juye nawa a tanki sai suka nutse ƙasa suka yi lamo. Na tsaya a kansu ina salati, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Can ɗaya ya motsa, sai wani, sai ga su sun bazu suna zagaya tankin. Waɗanda suka taso matattu na kwashe da rariya, sun kai cikin tafi biyu. Haka aka yi a sauran gidajen, wata ta yi asara da yawa, wata kaɗan, amma ba tankin da ya kwana ba kifi. Nawa kowace ta samu, Allah kaɗai ya sani, don Hadijatu ta ce duk wadda ta ƙirga nata ta fita daga ƙungiya.

Da la'asar na leƙa waje na tarar layi ya yi wayam, sai Yaya Lukuman zaune a kan jarka, agwagi na kiwo a gabansa. Hadijatu ta zo da kofin roba da ɗan ruwa a ciki, da mai ƙiban nan, wutsiyar ba ta gama shigewa ba. Ta ce ga ladan aikinsa in ji ƙungiya. Ya karɓa da hannu biyu, ya leƙa ciki, ya miƙe ya kakkaɓe riga ya nufi teburin mai shayi. Duk wanda ya tare shi a hanya ya tambayi nawa aka ba shi, sai ya ce biyu.